Sauya kulas da kuruwar distiribisiyo a injin gazuwal na Hiace da Hilux

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a Damagaram, kuma a lokacin ne garejoji ke cika da motocin da suka tafasa a hanyar Tanout ko ta Gure. Mafi yawansu Hiace ne na haya da Hilux masu injin 3L, mai lita 2.8, ko 5L, mai lita 3.0. A kan waɗannan injuna biyu zan yi bayani, kuma alƙaluman da zan kawo nasu ne. Mai 1KZ ko 1HZ ko Peugeot zai amfana da tsarin aikin, amma awo kam ya nemi na injinsa.

Kulas, wato kan inji da ke rufe saman silinda, ba ya tsagewa haka kawai. Kusan kullum zafi ne ya kashe shi, zafin kuwa yana da mafari: radiyato da ya toshe, fanka da ta gaji, tiyo mai yoyo, ko direban da ya ga allura ta hau ya ce bari in ƙarasa Mirya tukuna. Wanda ya ɗora sabon kulas bai gano wannan mafari ba zai sake sayen wani kafin damina ta faɗi. Shi ya sa a aikin nan awo da bincike suka fi ɗaure bulon cin lokaci.

Tabbatar da ciwon kafin a kwance

Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin radiyato, cika ruwa, ka tada mota. In kumfa na ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, ko tiyon sama ya yi tauri tun inji bai ɗumi ba, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Sauran alamu su ne ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi da ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi, da man inji da ya koma launin shayi da madara. Mai ma'aunin kompireso ya gwada kowane silinda ta ramin bujin zafi, wanda ke ɗumama inji kafin ya tashi. Lafiyayyen 3L yana ba da wajen kilo 32 a kan santimita murabba'i, ƙasa da 20 kuwa an fita daga iyaka. In silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare, yawanci juwan kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji, shi ne ya ƙone a tsakaninsu.

Kada a buɗe murfin radiyato inji na zafi, ko da tsumma. Yaran garaji da yawa suna ɗauke da tabon wannan a hannu da fuska.

In kuwa kuruwar distiribisiyo ce, wato bel mai haƙora da ke daidaita aikin inji, ta tsinke mota na tafiya, kada ka bari a sake juya makulli ko a tura motar don a gani ko za ta tashi. A injunan nan fiston da supap, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, suna amfani da wuri ɗaya ne, kuruwa ce ke hana su haɗuwa. Da ta tsinke sun riga sun yi karo, kowane juyi kuma ƙarin ɓarna ne. Sai an sauke kulas a duba.

Kayan da za a tanada

Kile mai awo, wanda ke nuna ƙarfin ɗaurin bulon, shi ne farko. Garajin da ba shi da shi ya aro, ba abin kunya ba ne. Sai miƙaƙƙen ƙarfe na awo da ganyayen auna tazara, agogon awo mai allura don tsayin fiston, abin zare fuli, fenti ko farin alli, da kwali babba.

Kayan saye kuwa: kulas, juwan kulas, sabbin bulon na kulas, kuruwa, gale biyu, wato ƙananan fuli da kuruwa ke bi (mai ɗaurewa da mai rakiya), da sifirin na mai ɗaurewar, juwan sifi (robar tare mai) na sandar kam, mai buɗe supap, da na bilbirke, wanda fiston ke juyawa, zobban tagulla na anjekta masu fesa gazuwal, juwan kolekta (bututun iska da na hayaƙi), tarmosta (mai buɗe hanyar ruwa in inji ya yi zafi), murfin radiyato, man inji da filta. Wanda zai aika Kano a sayo masa a Ƙofar Ruwa ya sani can da sunayen Ingilishi ake ciniki: kuruwa tayimin bel, juwan gasket, supap kuma bawul. Ya fi sauƙi a aika da tsohon kayan da lambar inji. Juwan kulas kam kada a saya sai an auna fiston, dalili na nan tafe.

Maganar kulas na hannu da sabo: na hannu da aka ciro daga injin da ya zo ta Kwatano yana iya yin kyau, amma ido kaɗai ba ya ganin tsagar ciki. In babu wanda zai gwada maka shi da matsin iska a cikin ruwa, ni na fi son sabo ko da ba na kamfani ba ne, muddin za a auna shi kafin a ɗaura.

Kwancewa

A wanke injin kafin a taɓa komai, a kuma yi aikin inda iska ba ta kwaso rairayi. Da hunturu wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin nan. Inji buɗaɗɗe da ya kwana a fili cikin iskar buji ya sha yashin da zai ci zobban fiston cikin ƴan watanni. Duk ramin da ka buɗe, toshe shi da tsumma mai tsabta.

Cire waya mara wuta ta batir. Zubar da ruwa ta ƙasan radiyato da ta jikin bulok, zubar da mai. A Hiace sai an ɗaga kujerun gaba, kuma cire radiyato gaba ɗaya yana ba da sarari, ga shi dama za a kai shi wanki. Cire fanka da kuruwoyin waje, babban fuli na bilbirke, da murfin distiribisiyo.

Yanzu juya bilbirke ta hannun agogo har fiston na ɗaya ya kai ƙololuwa a bugun matsi. Alamu uku ne za su tsaya daidai a lokaci guda: ta fulin bilbirke, ta fulin sandar kam, da ta fulin pompon gazuwal, kowacce da abokiyarta a jikin murfi. In ta bilbirke ta zo amma ta kam tana can ɗaya gefen, ƙara juyi ɗaya. Ɗauki hoto da waya, ƙara fenti a kan alamun, don datti da tsufa sukan ɓoye su. Sassauta bulon na gale mai ɗaurewa, tura shi baya, ka riƙe shi da bulon ɗin, sannan ka zare kuruwa da hannu.

Da kuruwa ta fita, mayar da bilbirke baya digiri 90, wato rubu'in juyi. Wannan yana sauke fiston huɗun duka zuwa tsakiyar silinda, ta yadda ko sandar kam ta juya supap ba zai taɓa komai ba. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, su lanƙwasa supap a garaji da hannunsu.

Cire bututun anjekta huɗu gaba ɗayansu ba tare da lanƙwasa ko ɗaya ba, ka rufe bakunansu. Cire layin komawar gazuwal, anjekta, bujin zafi, kolekta na iska da na hayaƙi, murfin kulas da fulin kam.

Bulon na kulas 18 ne. Ana kwance su daga gefe zuwa tsakiya, ana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, kaɗan-kaɗan a zagaye uku. Kwance ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure yana murɗe kulas. Tsayinsu iri biyu ne, don haka huda kwali ka jera su yadda suka fito. Kulas ɗin baƙin ƙarfe ne mai nauyi, mutum biyu za su ɗaga. In ya manne, a nemi kunnen da aka yi masa don bambarewa. Kada a kuskura a cusa sukundireba tsakaninsa da bulok, domin zanen da zai bari nan ne sabon juwan zai fara yoyo.

Karanta abin da ka tarar

Kafin ka jefar da tsohon juwan, duba shi a haske. Inda baƙi ya ratsa zoben ƙarfen, nan wuta ta bi. Fiston ɗin da ya fi ƴan'uwansa tsabta shi ne ruwa ke wankewa.

Goge fuskar kulas, ka ɗora miƙaƙƙen ƙarfen a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, kana cusa ganyen awo a ƙarƙashi. Iyakar lanƙwasa milimita 0.20 ce. Haka za ka yi wa fuskar bulok, wadda aka fi mantawa. Sannan nemi tsaga, musamman tsakanin supap biyu na kowane silinda da kewayen ƙaramin ɗakin ƙonewa, wanda ke manne a fuskar kulas. Ƴar tsaga a bakin ɗakin ƙonewar kansa abu ne da aka saba gani, ana iya sauya ɗakin. Tsagar da ta kama jikin kulas ta nufi hanyar ruwa kuwa ba ta da magani mai ɗorewa. Walda a baƙin ƙarfen da ke shan wutar gazuwal ba ta kai mota Agadas ta dawo.

Kamfanin Toyota cewa ya yi in lanƙwasa ta wuce iyaka a sauya kulas. A nan mukan kai wa mai tur, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya share fuska. Ban hana ba in kulas ba shi da tsaga kuma abin da za a ɗebe kaɗan ne ƙwarai, amma a sani duk abin da aka ɗebe yana kusanto da supap ga fiston. Kulas da aka taɓa sharewa sau biyu ya gama aikinsa.

Sai awon da na fi damuwa da shi, tsayin fiston. A injin gazuwal fiston yana leƙowa saman bulok kaɗan, kuma da wannan leƙowa ake zaɓen kaurin juwan. Kankare baƙin da ke kan fiston, kafa agogon awo a fuskar bulok ka sa shi a sifili, juya bilbirke a hankali har allura ta kai iyakarta, ka auna kowane fiston a gefe biyu. Juwan na 3L da 5L kauri uku ne, masu alamar B da D da F. In leƙowa tana tsakanin milimita 0.68 da 0.77, B ne. Daga 0.78 zuwa 0.87, D. Daga 0.88 zuwa 0.97, F. Fiston mafi tsayi shi ake bi. Juwan da ya yi siriri yana sa fiston ya sumbaci kulas. Wanda ya yi kauri da yawa yana rage matsi, mota ta riƙa wahalar tashi da sanyin safiya tana farin hayaƙi. Masu shago sukan miƙa F ga kowa don ya fi aminci, kuma gaskiya gara shi da siririn da bai dace ba, amma awon minti goma ne.

Wannan awo yana tona wani asiri kuma. In fiston ɗaya ya gaza sauran sosai, sandarsa ta lanƙwashe, galibi don ruwa ya cika silinda aka tada inji a kai. Irin wannan, sabon kulas ba zai gyara shi ba. A faɗa wa mai mota tun yanzu, kafin ya kashe kuɗinsa.

Shirya sabon kulas

In kulas ya zo tsirara, za a mayar masa da supap da sifirin da sandar kam na tsohon, bayan an tabbatar supap ba su lanƙwashe ba. Kowane supap a niƙa shi a mazauninsa, a sa sabbin robobin mai, a zuba kananzir a ramin a ga ko zai tsiyaye. Murafun sandar kam suna da lamba da kibiya, kowanne wurinsa.

Tazarar supap ana auna ta inji na sanyi: na shigar iska milimita 0.20 zuwa 0.30, na fitar hayaƙi 0.40 zuwa 0.50. A injunan nan babu noti na gyara, da ƴan faifan ƙarfe masu kauri daban-daban ake daidaitawa, kuma ya fi sauƙi a yi shi a kan tebur kafin a ɗora. Ko kulas ya zo a haɗe daga kwali, auna shi. Supap na hayaƙi da ya matse ba ya zama ya huce, sai ya ƙone. Kada kuma a goge faifan a dutse don a rage kaurinsa, taurin yana fatar sama ne kawai.

Ɗorawa da ɗaurewa

Fuskar bulok ta zama fes, ba da injin gurza ba, da abin kankara da haƙuri. Sannan ramukan bulon 18: kowanne a busar da shi da iska ko tsumma a kan waya. Ruwa ko mai da ya kwanta a gindin rami ba ya matsuwa. Bulon zai nuna ya ɗauru alhali bai danne juwan ba, wani lokaci ma bulok ɗin ne ke fashewa.

Tabbatar fiston suna tsakiya kamar yadda ka bar su. Ɗora juwan a bushe, fuskar da ta dace a sama, kowane ramin ruwa da na mai ya hau kan nasa. Ba a shafa masa gam, ba giris, ba fenti. A sauke kulas a hankali kan ƙusoshin jagora ba tare da an ja shi a kan juwan ba, ana lura kada ɗakin ƙonewa ya faɗo.

Shafa ɗan mai a zaren bulon da ƙarƙashin kansa. Ɗaurewa daga tsakiya take farawa ta yi waje, akasin kwancewa. Da kile mai awo, bi su duka a zagaye uku kana ƙarawa har kowanne ya kai 78 N·m, wato kilo 8. Daga nan ajiye kilen awo, ka ɗiga fenti a gaban kan kowane bulon. Bi jerin ka juya kowanne digiri 90. Sake bin jerin ka ƙara wani 90. In ka gama, ɗigon fenti 18 duk za su kalli bayan inji, wanda ya saɓa kuwa shi ka tsallake. Wannan juyi yana miƙa bulon ɗin ne da gangan don ya riƙe juwan da ƙarfi iri ɗaya ko inji ya yi zafi ko ya huce. Saboda haka nake cewa a sa sabbi, musamman bayan tafasa. In wani bulon ya yi laushi a hannu ana cikin juyi, tsaya, ya kusa tsinkewa.

Wasu manyanmu suna ɗaurewa da dogon bututu, su ce hannu ya san awo. Hannunsu ya ga aiki, ba musu, amma ba hannun da zai ba bulon 18 ƙarfi ɗaya, kuma juwan ta wurin mafi rauni yake ƙonewa.

Kuruwa

Kafin sabuwar kuruwa ta hau, sauya juwan sifi na kam da na bilbirke. Mai yana narkar da roba, kuruwar da ta jiƙe da shi ba ta kai rabin kwananta. Juya pompon ruwa da hannu tunda ga shi a fili: in yana gurnani, yana girgiza, ko akwai farin tabo a ƙasansa, sauya. Sa sabbin gale biyu. Tsohon gale da ya kafe yana tsinka sabuwar kuruwa kamar yadda zai tsinka tsohuwa. Jera sabuwar da tsohuwar ka ƙirga haƙora, ta 3L da 5L 129 ne. Kada a naɗe ta, kada a karya ta, kada a taɓa ta da hannu mai mai.

Fiston na tsakiya tukuna, kawo alamar kam wurinta, kawo ta pompo wurinta, sannan ka juyo bilbirke rubu'in nan zuwa alamarsa. Ɗora kuruwa daga fulin bilbirke, ka bi ɓangaren da ba gale mai ɗaurewa, ta pompo zuwa kam, kana jan ta tsam ta yadda duk sakin zai taru a wajen galen. Fulin pompo yakan so zamewa daga alama saboda sifirin na ciki, sai yaro ya riƙe maka. Da hannu ake tura kuruwa, ba da ƙarfe ba.

Saki gale, sifirin ya ja shi da kansa. Kada ka ƙara masa ƙarfi da sanda, kuruwa mai tsananin ɗauri tana kuka tana cin gale da pompo. Juya bilbirke da kile, ta hannun agogo, juyi biyu cikakku, a hankali. In ka ji ya tokare, kada ka tilasta, koma ka duba. Alamu ukun su dawo daidai. Haƙori ɗaya a pompo ya isa ya sa inji ƙwanƙwasa ko hayaƙi da rashin ƙarfi, kuskure a kam kuwa yana iya kai supap ga fiston. In sun yi daidai, ɗaure bulon na gale, mayar da murfi da robarsa don ƙura, ka ɗaure babban fuli da awon da littafin injin ya ce, domin in ya sassauta yana cinye bakin bilbirke.

Komawa ga abin da ya jawo zafin

Radiyato ya je a buɗe shi a zure bututunsa, ko a sauya. Ruwan rijiya da na famfo suna barin farin dutse da tsatsa a ciki shekara da shekaru, ta waje kuma ƙura da ƙarangiya suna toshe saƙar. Fanka mai kulotin mai, in inji ya yi zafi ka kashe shi ka tura ta da yatsa ta yi ta juyawa ba tirjiya, ta mutu. Tiyo da ya kumbura ko ya yi laushi a sauya. Murfin radiyato sabo mai lamba irin ta tsohon. Anjekta a kai su gwaji, don wanda ke ɗiga maimakon fesawa yana dafa ɗakin ƙonewa. Tarmosta kuma a mayar da sabuwa. Al'adar cire ta a ce ƙasarmu da zafi ɓoye ciwo take yi, ta kuma bar inji yana aiki a sanyi duk safiyar hunturu. A zuba ruwan sanyaya inji na gaske da aka haɗa da ruwa mai tsabta. Na san ruwa ma kansa yana da daraja a garin nan, amma jarka biyu ba su kai kuɗin kulas ba.

Mayar da anjekta da sabbin zobban tagulla, bujin zafi, kolekta da bututu. Zuba sabon mai da sabon filta. Danna famfon hannu da ke kan filtar gazuwal har ya yi tauri, bar notin bututun anjekta a ɗan sake, juya inji har gazuwal ya fito, ka ɗaure. Kada ka sa hannu kusa da feshin, yana huda fata.

In ta tashi, bar ta a silo, fitilar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙu. Cika ruwa yayin da iska ke fita, jira tiyon sama ya yi zafi alamar tarmosta ta buɗe. Fita gwaji ba lodi, ido na kan allura, a dawo a bar ta ta huce sarai a sake duba ruwa da yoyo. In ruwa ya taɓa shiga mai, a sake juye man bayan ƴan kwanaki. Direba ya riƙa duba ruwa kowace safiya mako guda, kuma kada ya cika mata kaya a tafiyar farko.

Kuruwar nan a kilomita 100,000 ake sauya ta, fitilar T-BELT ma a nan take kamawa. A tsofaffin Hiace da Hilux akwai ɗan maɓalli bayan wata roba a fuskar mita, shi ake dannawa a kashe fitilar. Da yawan motocinmu mitar ta daɗe da tsayawa, don haka rubuta wata da shekara da fenti a jikin murfin distiribisiyo, ka gaya wa mai motar haya mai zirga-zirgar Maradi ko Diffa kullum ya kawo ta a buɗe murfin a duba kuruwar kowace shekara.